Ƙurar da Ta Fito Daga Rumfata

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na yi kuɗin zinare na manta da mutane, ku yafe ni, kwance nake.

Ga wanda bai san ni ba, ina da injin niƙa a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, kusa da bakin ruwa. Da zinare ya fashe a dajinmu, masu haƙa suka fara kawo min dutse. Na sayi inji na biyu. Wannan na niƙa gero, wancan na niƙa dutse, duk a rumfa ɗaya.

Da murɗar ciki abin ya fara. Sai in kwana huɗu ban zaga ba. Ga faɗa ba gaira ba dalili.

Ranar da buta ta suɓuce min, hannun dama ya saki ya langaɓe, ranar na tsorata.

Inna ta ce, "Wanga sammu ne." Na sha jiƙe-jiƙe har na gaji.

A Yelwa aka gwada taifot da maleriya, ba a ga komai ba, aka tura ni Sakkwato. Babur ɗina na sayar kafin mu tafi. Likitar can ta duba dasashina, ta tambayi sana'ata, ta sa a ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce, "Gubar dalma ce, daga ƙurar dutsen. Malam, su wa ke cin garin da kake niƙawa?"

Ai duk mutanen garinmu ne ke cin sa.

Na yi makonni a gado: ƙarin ruwa, ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga gasa min hannu da ake yi kullum.

Da na dawo, ƙanena ya ce, "Yaya, ka yi shiru, za a rufe maka inji." Ban iya ba. Ranar Juma'a, ana sallamewa na miƙe, na ɗaga shanyayyen hannuna, na faɗi komai.

Shugaban masu haƙa ya tashi, na ce shi ke nan, rigima ta zo. Sai ya ce, "Jama'a, dutsen nan mu muka kai mashi. Kowa ya ci, kowa ya gyara."

Wallahi haka aka yi. Aka fitar da injinan dutse bayan gari, ba a niƙa sai an jiƙa. Masu haƙa suka kankare ƙasar rumfata da ta gidajen da ake dakan dutse, suka binne ta nesa da rijiyoyi. Ardo ya turo amalanken shanu da sabuwar ƙasa. Masunta suka kai yara gwaji a kwalekwale, kyauta. An samu gubar a jikin wasu, har da 'yata Rabi, aka fara musu magani da wuri. Mata kuwa suka kafa doka: dutse ba ya shiga zaure, ko na mijin wace ce.

Ban taɓa alfahari da garinmu kamar haka ba.

Alhamdulillah, hannu ya dawo, ko da yake buhu ya fi ƙarfina har yanzu. Likita, Inna, mutanen garinmu, Allah Ya saka.

'Yan'uwana na Yauri da Shanga: kada ku niƙa dutse inda ake abinci. Ku yi wanka, ku sauya kaya kafin ku ɗauki yaro. In ciki ya matsa, ku gaya wa likita sana'arku tun bai tambaya ba.

Kuma kada ku jira sai wani ya shanye kafin ku zauna taro.