Shokazobar Motata a Hanyar Orozo

Shekarar da aka mayar da maigidana aiki wata jiha, ya bar mini motarsa, tsohuwar mota mai ƙofa huɗu da muka saya ta hannu. Muna zaune a Jikwoyi, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Orozo. Kafin ya tafi sai da ya kai ta gareji aka sa mata sababbin shokazoba na baya, wato ƙarafan nan da ke tare jijjiga idan taya ta faɗa rami. Ya ce mini zan yi shekara biyu ban sake tunaninsu ba.

Wata huɗu suka yi. Da farko ƙara nake ji daga baya, ƙwas ƙwas, duk lokacin da na hau tudun rage gudu. Daga nan bayan motar ya fara lilo, ko na wuce rami sai ta yi ta rausaya kamar kwalekwale. Wata safiya na duƙa na leƙa, na ga baƙin mai ya jiƙa ƙarfen har ƙura ta manne masa.

Bakaniken da ya sa su mutumin Filato ne, dattijo mai furfura a gemu, garejinsa na ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na je masa da fushina.

"Oga, jabu ka sa mana," na ce. "Wata huɗu kacal!"

Bai yi musu ba. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take lilo.

"Madam, motar ka ya gaji," ya ce da irin Hausarsa. "Amma kafin mu yi faɗa, gobe da safe ka ɗauke ni. Ina so na ga hanyan da yake bi."

Washegari na same shi a bakin titi, ya sa riga mai tsabta, ya zauna gaba. Ba mu yi nisa ba na tsaya na ɗauki abokan aikina malamai uku, kamar kullum. Ɗaya ta riƙo jakar littattafan yara. Da muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar makaranta, wadda ruwan damina ya zaizaye, sai ga wata tsohuwa Bagwariya da muke kira Mama tana jira da doyarta. Ranar kasuwa ce, kuma na saba rage mata hanya. Muka cika but ɗin bayan motar da doya har ya ƙi rufuwa, malamai suka matsa ta shiga. Ni kuwa ina sauri kada a buga ƙararrawa ban isa ba, ina ta faɗawa ramuka.

Da kowa ya sauka, bakaniken ya juyo gare ni.

"Kullum haka ne?" ya tambaya.

Na ce kusan kullum.

Ya yi dariya a hankali. Ya ce ko sabuwa fil daga kamfani ba za ta daɗe da wannan kaya da wannan gudu ba. Har na fara jin kunya, sai ya ƙara da cewa shi ma yana da nasa laifin. Jiya bayan na tafi ya sake tunani, ya gane shokazoban da ya sa mana tsofaffi ne aka ɗura musu mai aka fesa fenti. A kasuwar kayan gyara aka sayar masa a kwali, bai duba da kyau ba.

"Kuɗin aiki ba zan karɓa ba," ya ce. "Amma kaya mai kyau yana da tsada, kuma biyu za a canja tare. In ka canja ɗaya, ɗayan zai kashe shi."

Ya faɗi kuɗin. Ya kusa rabin albashina. Na kira maigidana, ya ce mu jira ƙarshen wata. Na ajiye motar a tsakar gida na lulluɓe ta, na koma hawa keke napep da acaɓa har sati uku. Malaman nan uku muka riƙa haɗuwa a bakin titi muna jiran abin hawa tare, ba wadda ta yi ƙorafi.

Da albashi ya shigo, bakaniken ya ce in bi shi kasuwar in gani da idona. Ya zaɓi na Beljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga ƙasar waje, guda biyu, ya nuna mini yadda ake danna sandar a saki, mai kyau takan dawo a hankali. Na gwada da kaina har sau uku kafin na biya.

Ban daina ɗaukar malamai ba, amma na koma fita gida da wuri don in bi ramukan a sannu. Mama da kanta ta ce doyar ta yi wa motar yawa, ta samu mai keken da ke kwasar mata, ita kuma ta ci gaba da shiga wurina. Waɗannan shokazoba suna jikin motar har ranar da muka sayar da ita, bayan maigidana ya dawo Abuja.