Jinin da Na Ɗiba Bayan Ta Sha Magani

A lokacin ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Daura, na shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na kamu da cutar da ke kama irinmu: ban yarda akwai sauran abin da za a koya mini ba. 'Yata tana shekara tara aka yi mata dashen ƙoda a Kano, uwarta ce ta ba ta ɗaya daga cikin nata. Aka ɗora yarinyar a kan maganin da ke kwantar da garkuwar jiki don kada jikin ya ƙi baƙuwar ƙodar. In ya yi yawa a jini ya cutar, in ya yi kaɗan ƙodar ta lalace, shi ya sa dole a riƙa aunawa.

Don a rage mana zaryar Kano sai aka ba mu katuna da ƙananan allurai: a huda yatsa, a ɗiga jini a kati, ya bushe, a ba direba a tasha ya kai asibiti. Wata nas da na tabbata na koyar da sa'anninta tana ta bayani, ni kuwa ina duba agogo. Muna dawowa gida na karɓe aikin daga hannun maiɗakina, na kuma shimfiɗa tsarina: yarinya ta sha koko, ta haɗiyi magani, hantsi ya yi, sannan in huda, don a wajena ba a huda yaro da yunwa. Maiɗakina ta ce ita dai ta ji an ce kafin magani. Na tambaye ta a wace jami'a ta karanto haka. Ta ce a bakin nas. Na ce ta tsaya a dama koko, wannan fannin malam ne. Ta ce fannin malam ne, amma ƙodar tata ce. Daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Sakamako ya riƙa nuna maganin ya yi yawa, likita ya rage shi ta waya har sau biyu. Sai fitsarin yarinya ya ragu, fuska ta kumbura, zazzaɓi ya shigo. A asibiti suka ɗebi jini ta jijiya kafin ta sha magani, suka tarar ɗan kaɗan ya rage a jikinta. Likita ya tambayi lokacin da nake hudawa. Na gyara murya zan fara darasi, maiɗakina ta riga ni, ta faɗi gaskiya a kalma huɗu: bayan ta sha magani. Ya ce abin da ake nema shi ne ragowar maganin jiya kafin a sha na yau. Ya juya katin ya nuna mini, ga shi a rubuce da Hausa, da jan tawada, irin wadda nake yi wa ɗalibai maki da ita.

An ceto ƙodar bayan sati uku a gadon asibiti, amma da tabon da ba zai goge ba. Yanzu uwarta ke hudawa, ni aikina kai kati tasha. Da na nemi gafararta, cewa ta yi ba ta da wata ƙodar da za ta sake bayarwa, tawa kuma an gwada tun farko ba ta dace ba.

Iyayen da aka ba irin wannan kati, ku juya bayansa ku karanta, ku tambayi nas ko da kun haife ta. In kuma wanda kuka raina a gida ya ce ba haka ya ji ba, ku ajiye allurar ku kira asibiti. Ni na yi musu na ci, 'yata ce ta kwanta.