Kwat Ɗin Titus Mai Hoto

Titus mai hoto ya tsufa a Madawa da kyamara guda da kwat guda, wanda yake ara wa duk wanda ya zauna gabanshi. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, diraktan wani kwaleji ya ƙirƙiro katin da zai buɗe ƙofa, ya ba da abinci da magani. Titus aka ba aikin hotuna. 'Yan lakkwal da malamai, maza da mata, duk suka fito baƙi ƙirin a hoto cikin kwat ɗin nan. Ba a yi wata ba, mai amalanke na cin shinkafar kwaleji da katin malamin lissafi.

Dirakta ya zo yana kumfar baki, ya jefa wa Titus nashi katin. "Wannan ni ne?"

Titus ya daɗe yana dubawa. "Ranka shi daɗe, kai dai ban sani ba. Amma kwat ɗin nawa ne."