Koren Mazarin Kududdufin Baba

A bayan gidanmu na Unguwar Dosa akwai kududdufi. Baba magini ne, nan ya haƙi ƙasar da ya gina mana ɗakuna. Ruwa ya taru, ciyawa ta fito, sai wani irin mazari ya tare a wurin, kore shar, idanunsa na ƙyalli kamar fasasshiyar kwalbar lemo.

Baba ya san su ciki da bai. Shi ya nuna mini yadda macen ke tsoma wutsiya a ruwa tana zuba ƙwai. Ya ce 'ya'yan a cikin laka suke zama wata da watanni, munana da su, suna cin tsutsar sauro. Ran da Allah ya yi, sai ɗan ya hau kan ciyawa, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya bar tsohuwar rigarsa a rataye. Duk wanda ya kama ɗaya ya ɗaura masa zare a wutsiya don wasa, ranar kunnensa zai gaya masa.

"Dogaran gidan nan ke nan," in ji Baba. "Kin taɓa ganin mun sayi maganin sauro?"

Ni kuwa ina aji shida, ga ƙaramin sani ƙuƙumi. An koya mana cewa duk ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. A shekarar da aka fito da naira, duba-gari ya shigo layinmu. Ya leƙa randuna, ya leƙa kwata, ya juya zai fita. Ba wanda ya tambaye ni. Ni da bakina na ce, "Akwai kududdufi a baya."

Baba ya durƙusa wa duba-garin, mutumin da a shekaru ya kusa haifa. "Ranka ya daɗe, ka leƙa ruwan tukuna. In ka sami tsutsa ɗaya, ni zan cike shi da hannuna."

Bai leƙa ba. Washegari aka zo da garwa biyu ta baƙin mai aka tuttule.

Kwana uku, 'ya'yan mazari suka taso saman ruwa a mace. Baba ya tsame su da tsohon kwando ya binne. Ya wuce ni ya shige ɗaki. Da ma dukana ya yi, da na huta.

Ruwan sama ya wanke man. Sauro ya dawo, mazari bai dawo ba. Zazzaɓi ya bi gidanmu ɗaki-ɗaki har ya kwantar da Baba, ginin da ya fara a unguwar Doka aka ba wani. Har yau ina jin haushin duba-garin nan, amma na fi jin haushin yarinyar da ta nuna masa hanya.

Wata la'asar ina yi wa Baba fifita, ya buɗe ido.

"Malama," ya ce, bai taɓa kira na haka ba, "littafin naku me ya ce a kan mazari?"

Na ce, "Bai ce komai ba, Baba."

"To," ya ce, ya juya fuskarsa bango.