Kuɗin Motar da Ba a Hau Ba

Rikicina da maƙwabcina a Angwan Iya daga taga ya fara. Tsohon malamin firamare ne, mutumin Agwada, kuma tun ina saurayi gidansa yake jingine da namu. Da aka biya shi kuɗin sallama bayan ya yi ritaya, sai ya yi abin da mutanen Keffi da yawa ke yi yanzu: ya rushe ɗakunan baya, ya tayar da bene don ya zuba ɗalibai 'yan haya. Ban ce uffan ba sai ranar da na ɗaga kai daga tsakar gidana na ga taga tana kallon inda matata ke wanke-wanke, ga kuma indararo an saita bakinsa daidai kan katangata. Na yi magana, ya ce laifin magini ne. Na sami magini, ya ce zanen da aka ba shi ke nan. Mai unguwa ya zaunar da mu, aka yi ta ba juna haƙuri, aka tashi, taga tana nan inda take. Ni kuwa ba ni da irin haƙurin da ake yabon mutane da shi, sai na kai ƙara.

A kotun Keffi na faɗi. Alƙali ya ce ginin yana cikin filin mai shi, kuma yana da izinin gini. Lauyana, wani matashi mai yawan gyara wuyan riga, ya ce kada in damu, mu ɗaukaka ƙara zuwa Lafia. Ni a tunanina ɗaukaka ƙara kamar ka tashi daga gaban mai unguwa ne ka je gaban hakimi: in ka yi nasara to, in ba ka yi ba ka kaɗe rigarka ka dawo gida. Ya dai ambaci wani abu wai kuɗin ɗawainiya da akan ɗora wa wanda ya faɗi, amma a bakin ƙofa ya faɗe shi yana amsa waya, ni ma ban riƙe maganar ba.

Da safiyar zaman farko na fito da motata, ina hawa babban titi sai ga Malam, maƙwabcin nawa, a tsaye, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya rungume jakar takardu, yana jiran motar haya. Ƙafata ta taka birki kafin in gama shawara. Mutumin nan shi ya riƙa yi wa 'ya'yana darasi da yamma bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma ranar da mahaifina ya rasu shi ya fara fito da bencinan gidansa don masu gaisuwa. Ban da haka ma, na san in na wuce shi, kafin azahar unguwa ta gama ji.

"Malam, kotu za ka?"

"Can za ni, Alhaji."

"To shigo."

Ya shigo gaba ya ɗaura bel. Ni kuma na fita na kwashe takarduna daga kujerar baya na kulle su a but, don ban yarda da idon tsohon malami ba, mutumin da ya shekara da shekaru yana karanta rubutun yara a juye daga bayan tebur.

Haka muka yi ta yi duk zaman da aka sa. Ba mu taɓa shirya shi da baki ba, amma kullum zan same shi a wurin nan, kusa da mai shayi. Mu wuce Garaku muna zagin ramukan hanya, mu shiga Akwanga muna maganar tsadar taki da yadda doya ta yi a Agwada. Maganar taga kuwa ko da wasa ba ta taɓa shiga motar ba. A Akwanga yakan sauke gilashi ya sayi gasasshiyar masara ko ayaba, ya miƙo mini rabi. Ina ci ina tunanin me yake nufi da ita. In ya tambayi lafiyar iyali sai in ce a raina so yake ya ji ko matata ta gaji da shari'ar. In ya yi gyangyaɗi sai in ce lamɓo yake yi don in saki jiki in amsa wayar lauya a gabansa. Muna isa harabar kotu kowa ya kama gabansa, shi wajen lauyansa ni wajen nawa, kamar ba mu taɓa ganin juna ba.

Lauyana da ya gane, ya ja ni gefe. "Alhaji, ka daina ɗauko mutumin nan. Ba a yin haka."

Na ce, "Barista, kai a Abuja kake kwana. Ni da shi katanga ɗaya ce ta raba mu."

Matata kuwa dariya abin yake ba ta. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya kai mutum ƙara kuma ya zama direbansa ba. Na ce mata ai gara yana kusa da ni ina ganin abin da yake yi.

Ranar hukunci alƙali bai ɓata lokaci ba. Ya karanta abin da zai karanta, ya kori ƙarata. Na ji zafi, amma na riga na hango hakan tun daga yadda lauyana ya daina kallon idona. Ina shirin miƙewa sai lauyan Malam ya tashi, ya gyara baƙar rigarsa, ya ce yana roƙon kotu ta sa in biya kuɗin ɗawainiyar da aka jawo wa wanda yake karewa. Ya ambaci kuɗin shigar da takardu, ya ambaci zuwan da shi kansa ya yi ta yi. Sannan ya sassauta murya ya ce wannan dattijo ɗan fansho ne, kuma duk zaman da aka yi sai da ya biya kuɗin mota daga Keffi zuwa Lafia, ya kuma biya na komawa.

Na ɗauka kunnena ne. Na dubi Malam, yana benci na gabana, ƙeyarsa kawai nake gani. Turanci aka yi, shi kuwa Turanci ya koyar har ya yi furfura, babu kalmar da ta wuce shi. Na jira ya ɗaga hannu, ko ya taɓa lauyansa, ko ya yi tari ma. Ƙeyar nan ko motsi ba ta yi ba.

Na jawo rigar lauyana ta baya na raɗa masa, "Ƙarya ce, a motata yake zuwa. Faɗa wa alƙali."

Ya waiwayo da rabin fuska. "In ce masa tare kuke zuwa kuna cin masara? Sai ya tambaye ni me ya sa kuke ɓata wa kotu lokaci. Na fa gaya maka."

Ya miƙe ya roƙi a sassauta, ya ce maƙwabta ne. Alƙali ya ɗan rage, ya yanke abin da zan biya, duka a dunƙule, ba a ware na mota daban ba. Ba yawan kuɗin ne ya tsaya mini a wuya ba. Man da na ƙona, da tayar da ta fashe mana wata rana bayan Akwanga yana riƙe mini jak ina kwancewa, su ne suka yi ta dawo mini.

Da na fito, yana tsaye a jikin motata, a gefen da ya saba, jakarsa a ƙirji. Na tsaya nesa ina kallonsa. Raina ya ce in tayar da mota in bar shi a nan, tunda kotu ta ba shi kuɗin mota ai sai ya je ya hau. Amma na buɗe masa, kuma har yau ban san ko kunya ce ta sa ni ba ko son in ji abin da zai ce.

Ya shiga ya ɗaura bel. Muka baro Lafia shiru, muka shiga Akwanga shiru. Masu masara suka yo kan motar, ya kai hannu ga gilashi, sai kuma ya mayar da shi kan cinyarsa. Tambaya ɗaya ce a bakina, ina ta juya ta: shi ya gaya wa lauyan ya biya kuɗin mota, ko lauyan ne ya ƙaga don haka suka saba faɗa? In na farko ne, to tun ranar da ya fara ɗaura bel ɗin nan yake lissafi da ni. Sai da muka hango Keffi na kasa riƙewa.

"Malam, lauyanka ya san ni nake kawo ka?"

Idonsa a kan titi ya ce, "Bai tambaye ni ba, Alhaji."

"Da ya faɗa a gaban alƙali fa?"

"Na ji," in ji shi.

Na biya ta hannun lauya, ba tare da na nemi ragi ba. Da kaka ta yi sai ga doya daga Agwada an ajiye a zaurena. Matata ta ce ban haƙuri ne, in karɓa in yi shiru. Na fita na duba ta sosai. Irin wadda yake aiko mana kowace shekara ce tun mahaifina yana da rai, bai ƙara ba bai rage ba, don haka ba ta gaya mini komai ba. Aka dafa, na ci, don doya ba ta yi mini laifi ba.

Tagar tana nan, mun kafa rumfar kwano a kan wurin wanke-wanke. Muna gaisawa da Malam safe da yamma, in an yi rasuwa ko suna muna zama a benci ɗaya. Bayan shari'ar, in na gan shi a bakin titi nakan tsaya in tambaye shi ina za shi, duk inda ya ambata kuma sai ya zamana ba can na nufa ba. Kwanan baya na fito da safe, na hango shi kusa da mai shayi, a wurin nan dai, ya ƙara tsufa, yana jiran mota. Na fara rage gudu. Yana ganin motata sai ya juya baya, ya tsura wa tukunyar mai shayi ido har na wuce.