Rabin Maki

A shekarar 1984, zango na uku, Malamin Lissafi ya fara sanin mutumin da yau duk layi ke kira Rabin Maki. A lokacin ɗalibi ne mai zama a bencin baya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Idan aka tambaye shi bakwai sau takwas, sai ya ɗaga kai ya dubi rufi kamar an rubuta amsar a can. A jarrabawar fita ya ci talatin da tara da rabi, alhali arba'in ake nema. Malam, wanda bai taɓa yi wa kowa kyautar ko ɗigo ba, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗauki jan biro ya rubuta arba'in. Da hedimasta ya kira shi ofis ya nemi bayani, sai ya ce, "Birona ne ya zame." Bai san ɗalibin na durƙushe a bayan ƙofar yana karɓar horon makara ba.

Da takardar nan ɗalibin ya samu shiga koyon sana'a, ya zama mai aski. Shagonsa na da kujera ɗaya mai juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da benci mai ɗaukar mutum huɗu idan sun yi haƙuri da juna. Shekara talatin yana aski, har furfura ta fito masa, har yanzu kuwa bai tabbatar da bakwai sau takwas ba. Amma akwai wani wasan intanet da ake yi a waya, inda mutum goma ke haɗuwa su yaƙi dodo, kuma a nan matsafin da yake sarrafawa a cikin wasan ba shi da na biyu. Idan ya saki wuta, ɓarnar da yake wa dodo kan kai dubu casa'in.

Malam ya shiga wasan ne bayan ya yi ritaya. Abokan hirarsa sun yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, 'yarsa ta saya masa waya, mai aski kuma ya roƙa masa gurbi a ƙungiyarsu. Kullum ƙarfe huɗu na yamma Malam zai sa tabarau, ya gaishe da mutum tara ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali. Wannan sa'ar ce kaɗai a yini da wani ke kiransa.

Matsalar ita ce matsafin Malam dubu goma sha ɗaya yake yi. Shugabar ƙungiyar, wata nas mai ba da umarni kamar tana ɗakin tiyata, ta yi haƙuri har ta gaji. "Baba, muna girmama ka," in ji ta, "amma dodon nan susa kake masa. Ran Asabar duk wanda bai kai dubu arba'in ba, ya ba wani wuri."

Washegari Malam ya je shagon aski, ko da yake kansa sumul yake kamar ƙwai. Rabin Maki ya karɓi wayar, ya duba, ya nemi benci ya zauna.

"Malam, wa ya sa wa matsafinka sulken ƙarfe?"

"Ni. Tsoho ne, ga wurin da hatsari."

"Sulke yana danne tsafi! To makin da ake ba ka fa? Ƙarfi ashirin, gudu ashirin, basira ashirin, har iyo ashirin?"

"Na raba daidai ne. Ba na son kai."

"Ranka ya daɗe, ina matsafi ina iyo? A cikin kogon dutse ake yaƙin nan!"

Amma babbar cutar sai da suka gwada yaƙi ta fito. Malam yana sakin tsafinsa ne bisa jerin haruffa: Aradu, Guguwa, Ruwa, Wuta, sannan Zuba-mai. Wato sai ya jiƙa dodo sharkaf, ya kunna masa wutar da ba ta kamawa, bayan ta mutu ya zuba mai.

"Haka aka koya mana," in ji Malam. "Komai da tsarinsa."

Kwana biyar mai aski yana koyar da malaminsa tsakanin wannan kai da wancan. An tuɓe sulke, an mai da maki duka kan basira. An sa wa matsafin wata hula mai ƙararrawa wadda Malam ya ce ko mahaukacin kasuwa ba zai sa ba, amma tana ƙara wuta kashi goma, dole ya haɗiye. Rabin Maki yana buga mataji a kan tebur, Malam yana bita da ƙarfi: "Mai, wuta, guguwa, aradu!"

"Ban ji ba! Na baya su ji!"

Masu jiran aski suka riƙa amsawa tare da shi. Wani direba ya tashi da rabin aski a kai saboda dariya ta hana shi zama. Malam yana rubuta sakamakon kowace rana a littafinsa: dubu ashirin da uku, talatin da ɗaya, talatin da takwas. Ran Juma'a ya tsaya a talatin da tara, ya ƙi gaba.

Ran Asabar ƙarfe huɗu, Malam ya zauna a falonsa, ya goge tabarau, gaisuwa ma a gajarce ya yi ta. Aka shiga kogo. Yana danna waya yana bita a fili, ƙararrawar hula na kaɗawa. Sau ɗaya tsohuwar ɗabi'a ta motsa ya saki Ruwa, ya ce wa kansa, "Sakarai!" Can wajen ƙarshe wani haske ya lulluɓe matsafinsa, wutarsa ta tashi kamar an yi mata fifita. Dodo ya faɗi. Allo ya fito: dubu arba'in da ɗari biyu.

"Baba ya haye!" in ji nas. "Kai kuma mai aski, yau me ya same ka? Dubu saba'in kawai?"

Malam ba ya yarda da lambar da bai bi sawunta ba. Ya ɗauko littafi da jan biro. Kowane matsafi yana da tsafin ƙarin ƙarfi guda ɗaya tak a yaƙi, kuma kowa kansa yake sa wa. Nasa ya ƙone tun farkon yaƙin, to hasken ƙarshen nan na wa ne? Ya cire abin da hasken ya ƙara, ya sake lissafi sau biyu. Abin da hannunsa ya yi shi kaɗai bai kai arba'in ba.

Ran Litinin ya je shago, ya hau kujera mai juyawa. Rabin Maki ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya shiga neman gashin da zai aske.

"Kai, ɗan nan," in ji Malam yana kallonsa ta madubi, "yaya aka yi tsafinka ya faɗo kan matsafina?"

Mai aski ya hure bakin injin aski, ya karkatar da kan Malam gefe.

"Yatsana ne ya zame, Malam. Ka daina motsi, kar in yanke ka."