Malam Ɗalha Maruda da Jiƙaƙƙen Buhu

Haihuwarsa

A shekarar 1966 aka haifi Malam Ɗalha a Maruda ta ƙasar Gwandu, a gidan Sambo manomi da matarsa Laraba. Ya yi karatun allo a gida, ya kammala firamare a Gwandu a 1979, sannan ya koma noma tare da mahaifinsa.

Shigarsa aiki

A 1988 aka ɗauke shi aikin kwana-kwana, ya yi horo a Sakkwato. Kayan aikin wancan zamani kaki ne da takalmin roba da hular kwano, ita ma ba kowa ke samu ba. Saboda haka magabatansa suka koya masa ya jiƙa tufafinsa sharkaf, ya yafa jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ɗaure hanci da tsumma kafin ya tunkari wuta. Idan yaro ya faɗa rijiya kuwa, igiyar guga ake ɗaura masa a ƙugu a zura shi. Da wannan dabara ya ceci mutane da rumbuna a Dodoru da Wurogauri, ko da yake hayaƙi ya bar masa tarin da bai rabu da shi ba.

Aure da zuri'a

Ya auri Hadijatu a 1992. Babban ɗansu Lawali ya bi sahunsa a 2017, kuma abin da mahaifin ya fara koya masa shi ne kada ya kuskura ya shiga wuta da busasshen jiki.

Zuwan sababbin kaya

A 2019, yana aiki a Kalgo, aka kawo riguna masu kauri da safar hannu da takunkumin fuska mai tukunyar iska. Masu horo sun yi kashedin cewa a bushe ake sa rigar, domin ruwan da ke ƙarƙashinta kan zama tururi ya dafa fata. Malam Ɗalha ya karɓi kayan da godiya, amma bai daina jiƙa 'yar cikinsa ba. An ruwaito cewa da Lawali ya tuna masa, sai ya ce, “Kai yaro, jiya aka ɗinka rigar nan. Ruwa kuwa tun ba a haife ka ba yake tsare ni.”

Rasuwarsa

A watan Maris na 2022, da hantsi, gobara ta tashi a wani gida a Kalgo inda aka ajiye man fetur. Malam Ɗalha ya kwarara wa kansa bokitin ruwa, ya ɗora rigar, ya shiga ya fito da wata tsohuwa da ranta. Wuta ba ta huda rigar ba, amma da aka cire ta sai aka tarar bayansa da ƙirjinsa sun saɓule. Ya yi jinya a Birnin Kebbi, Allah Ya karɓi ransa a farkon watan Ramadan, aka yi jana'izarsa a Maruda bayan sallar la'asar. Allah Ya gafarta masa.

Ya bar matarsa Hadijatu da 'ya'ya Abdulrasheed da Amatullahi da Zahra'u da Anas, sai Lawali, mijin Sumayya 'yar mai wannan rubutu. Lawali yana bakin aiki a Kalgo. Ya yi wa surukinsa alkawarin sa rigar a bushe, amma Sumayya ta ce har yau, ranar da aka je gobara, 'yar cikinsa a jiƙe take dawowa, kuma ya ce mata zufa ce.